Ciwon Daji Ba Daga Daji Yake Zuwa Ba



A yankinmu na Gwarzo da Kabo akwai cutar da ba a cika kiran sunanta da ƙarfi ba. In aka je dubiya aka dawo, sai ka ji an ce "jiki dai sai addu'a", can kuma wani ya sassauta murya ya ce, "An ce daji ne." Daga nan kowa ya san abin da ya rage. Sunan kansa yana ɗauke da fassararsa: abu ne na daji, baƙo ne da ya afko wa mutum daga waje, ko iska ta buge shi, ko wani ya jefe shi. Shi ya sa muka taso muna jin cewa daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi sai ya fusata.

Abin da muka fahimta, daga ɗan abin da muka tsinta a ajin kimiyya na kwalejin fasaha da kuma karance-karancen da rashin wani namu ya jefa mu ciki, shi ne wannan suna ya ɓatar mana da sawu. Sankara, ko kansa kamar yadda ake cewa a asibiti, 'yar gida ce. Ƙwayar jikin mutum ce, wadda ya ciyar ya shayar, ta wayi gari ta daina jin magana. Da ɗan gari akan ci gari, in ji masu iya magana.

Jikin babban mutum ya ƙunshi ƙwayoyin halitta kimanin tiriliyan 30, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da na'ura. In ka cire jajayen ƙwayoyin jini da 'yan kaɗan irinsu, kowace tana ɗauke da littafin umarni da ake kira DNA. Haruffansa huɗu ne kacal, A da C da G da T, amma jerinsu ya kai biliyan 3, kuma kwafi biyu gare mu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A cikin littafin akwai babi kusan dubu 20, kowane babi yana bayanin yadda za a ƙera wani furotin, su kuma furotin su ne ma'aikatan da ke gudanar da komai a cikin ƙwayar. Duk sa'ad da ƙwaya za ta rabu gida biyu, dole ta kwafe littafin nan kaf, kuma wannan kwafi yana faruwa sau biliyoyi a kowace rana, a fata da hanji da ɓargo.

Duk wanda ya taɓa kai rubutunsa wurin mai buga kwamfuta ya san abin da ƙugiya ɗaya ke iya yi. Ka rubuta "baƙi", a dawo maka da "baki". Ka rubuta "ƙafa", ka tarar da "kafa". Jiki ma yana da masu bin sawun rubutu suna gyarawa, kuma sun fi namu ƙwarewa nesa ba kusa ba, don bayan sun gama da ƙyar kuskure ɗaya ke tsira a cikin haruffa biliyan. Mafi yawan kurakuran da suka tsira ma a wurin da ba su da illa suke faɗawa. Matsalar tana farawa ne in kuskuren ya faɗa a kan ɗaya daga cikin babi iri biyu. Direbobin tashar Gwarzo za su fi kowa saurin ganewa, don totur ne da birki. Akwai babin da ke ce wa ƙwaya "rabu, ana bukatarki", kamar lokacin da aka ji rauni ana son fata ta haɗe. Ɗaya daga cikinsu sunansa RAS, kuma harafi ɗaya in ya sauya a cikinsa sai totur ya maƙale a ƙasa, ƙwayar ta riƙa jin umarnin rabuwa ko babu wanda ya ba ta. Wannan kaɗai bai isa ya zama kansa ba muddin birki na kamawa.

Babban birkin shi ne wani furotin da aka gano a 1979, ana kiransa p53. In littafin ya lalace, shi ke tsayar da ƙwayar cak, ya ce ba za a kwafa ba sai an gyara. In ɓarnar ta fi ƙarfin gyara, sai ya ba ƙwayar umarnin ta kashe kanta, ita kuma ta bi ba gardama, maƙwabtanta su share wurin. A kusan rabin dukkan kansar da ke kama ɗan Adam, in aka bincika sai a tarar wannan birki ya lalace. Ga wani abin sha'awa a gefe. Giwa ta ninka mutum yawan ƙwayoyi sau da dama, kuma takan yi shekara 60 zuwa 70, don haka bisa lissafi ya kamata a ce kansa ta gama da giwaye tuntuni. Amma ba kasafai take kashe su ba. A 2015 masu bincike a Amurka suka nuna cewa giwa tana da wannan babi na p53 har kusan guda 20, alhali mu ɗaya gare mu. Giwayen Yankari, ashe, birki ashirin suke yawo da shi.

Saboda sai kurakurai da yawa sun taru a cikin zuriyar ƙwaya guda, ɗaya bayan ɗaya, abin yakan ɗauki shekaru, sau da yawa 20 ko 30. Ƙwaya ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu. Kafin ƙari ya kai girman ƙwayar gyaɗa, yadda hannu zai iya jinsa ko hoto ya nuna shi, ya riga ya ninka kusan sau 30, yana ɗauke da ƙwayoyi kimanin biliyan guda. Ninki goma kacal a kan haka ya isa ya kai nauyin kilo, abin da jiki ba ya iya ɗauka. Wato ranar da muka fara jin kumburi, cutar ta riga ta ci kashi uku cikin huɗu na tafiyarta. To ka ƙara watannin da ake yi ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe. Sai an ƙure a kai mutum asibiti, a ɗebi nama ko a yi aiki, bayan 'yan makonni ya rasu, a ce ai ƙarfe ne ya fusata dajin. Ƙarfen ya zo ne a makare, aka ɗora masa laifin lokacin da ya wuce. Wani abin da ke ƙara rikita mu shi ne kalmar daji a bakinmu ta haɗa abubuwa barkatai, har da maruru da gyambo da kumburin da ƙwayar cuta ke kawowa, waɗanda wasunsu ke warkewa da kansu. In irin wannan ya warke a hannun mai magani, sai labari ya bazu cewa wane yana warkar da daji, mai ainihin kansar ma ya kama hanya.

Tambayar da ta fi damun mu da farko ita ce, in har ana wannan kwafi ba dare ba rana, me ya sa ba dukanmu muke kwance ba? Amsar tana wurin garkuwar jiki, kuma nan ne labarin ya fi daɗi.

Kusan kowace ƙwaya a jiki tana ɗauke da wani abu kamar farantin talla a bayanta. Duk furotin da take ƙerawa a ciki, sai ta gutsuro kaɗan ta ɗora a kan farantin, kowa ya gani. Akwai wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin T, su ne 'yan sintirin jiki, suna zagayawa suna leƙa faranti. Tun suna ƙanana an horar da su a wani ɗan kulli da ke bayan ƙashin ƙirji, inda ake nuna musu kayan gida, duk wadda ta nuna alamar za ta far wa kayan gida a kashe ta tun a can. Waɗanda suka fito, baƙon abu kawai suke nema. Ƙwayar da littafinta ya gurɓace tana ƙera furotin mai baƙuwar siffa, gutsurensa ya hau faranti, 'yar sintiri ta gani, ta manne mata, ta huda ta, ta zuba mata sinadarin da zai tilasta mata kashe kanta. Sai ta wuce gaba abinta. Mu 'yan Gwarzo ba sai an fassara mana sunan garinmu ba, kuma in ana neman gwaraza a cikin jiki, waɗannan ne.

Ƙwayar kansa takan yi dabarar sauke farantin gaba ɗaya, don kada a ga abin da take dafawa. Sai dai akwai rukuni na biyu na masu gadi, ƙwayoyin NK, waɗanda aka gano a 1975. Su ba ruwansu da abin da ke kan faranti. Wadda ba ta da faranti suke nema, don a wurinsu mai gaskiya ba ya ɓoye kayansa.

An daɗe ana gardama kan ko da gaske wannan gadi yana faruwa. Wani Bajamushe, Paul Ehrlich, ya yi hasashensa tun 1909, wasu suka farfaɗo da maganar a shekarun 1950, wasu suka yi watsi da ita, sai a 2001 Robert Schreiber da abokan aikinsa suka nuna a fili cewa ɓerayen da aka raba da garkuwarsu sun fi saurin kamuwa da kansa. Mu a nan ma mun ga hujjar da idonmu ba tare da mun san sunanta ba. Lokacin da ƙanjamau ke kisa kafin magungunansa su wadata, masu ɗauke da shi sukan fito da wasu baƙaƙen tabo da ƙulle-ƙulle a ƙafa da baki. Kansa ce, ana kiranta Kaposi, kuma rushewar 'yan sintiri ce ta buɗe mata ƙofa. Labarin da ya fi tsaya mana a rai kuwa daga Sikotlan ya fito a 2003. Wata mata aka cire wa kansar fata, ta rayu shekara 16 lafiya lau, ta rasu da wani dalili dabam, aka dasa ƙodojinta biyu a jikin mutum biyu. Wanda aka yi wa dashe ana ba shi maganin da ke kwantar da garkuwa don kada jikinsa ya ƙi baƙuwar ƙoda. Dukansu biyu sai kansar matar nan ta tashi a jikinsu. Shekara 16 ƙwayoyin na laɓe a cikin ƙodarta, garkuwarta ta kasa gamawa da su, amma ta hana su motsi.

Wannan zaman doya da manja shi ne mataki na tsakiya, kuma yana da nasa haɗarin. 'Yan sintiri suna kashe ƙwayoyin da suka fi saurin ganewa, waɗanda suka iya ɓuya su ne ke saura su hayayyafa. Manomi ya san irin wannan: ka yi ta fesa magani iri ɗaya shekara da shekaru, ƙwarin da ba ya jin maganin shi zai gaje gonar. Daga ƙarshe wata ƙwaya takan gano hanyar da ta fi ɓuya, wato ta kashe wa mai gadin gwiwa. Su ma ƙwayoyin T an yi musu birki, ɗaya sunansa PD-1, kuma don alheri aka yi shi, domin mai gadin da ba ya jin "tsaya" wata rana 'yan gida zai koma duka. Ƙwayar kansa sai ta fito da wani furotin da ke taka wannan birki. Mai gadi ya zo, ya gan ta, ya gane ta sarai, ya tsaya yana kallo.

Duk wannan bayani zai iya zama labarin ɗakin gwajin Turai, in ba don abin da ke cikin rumbunanmu ba.

A 1960 talo-talo kimanin dubu 100 suka mutu a Ingila, aka rasa dalili, har aka bi sawu aka gano tunkuzar gyaɗa ce da aka shigo da ita daga Birazil. A cikinta aka samu wata guba da wani nau'in fumfuna ke fitarwa, aka sa mata suna afulatoksin. Wannan fumfuna yana zaune a cikin ƙasar gona, yana son gyaɗa da masara, musamman in fari ya matsa wa shuka a ƙarshen damina, ko ƙwari sun huda ta, ko an zuba ta a buhu ba ta gama bushewa ba. Mu da kakanninmu suka tara dalar gyaɗa a Kano, daga Getso zuwa Garo babu gidan da ba a cin gyaɗa ta wata fuska: kunu, ƙuli-ƙuli, yajin tsire, miyar taushe, ɗatu. Gubar ba ta da wari, kuma suya da tafasa ba sa kashe ta. In ta yi yawa a lokaci guda takan kashe nan take, kamar yadda gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a Kenya a 2004. Amma ɓarnar da ta fi yawa ita ce ta kaɗan-kaɗan.

Hanta ce ke tace duk abin da muka ci. Garin ƙoƙarin narkar da wannan guba sai ta mayar da ita wani abu mai danƙo da ke manne wa harafin G a cikin littafin ƙwayar hanta. In aka zo kwafi, sai mai kwafin ya kasa karanta wurin, ya rubuta T a madadinsa. A 1991 rukuni biyu na masu bincike, ɗaya a kan marasa lafiya na kudancin Afirka, ɗaya a kan na yankin Kidong a Sin, suka gano cewa a kansar hantar mutanen da ke cin wannan guba, kuskuren yakan faɗa a wuri guda tak, kalma ta 249 a cikin babin p53, inda AGG ke komawa AGT. Daga baya aka samu wannan tambari a jinin masu kansar hanta a Gambiya. Harafi ɗaya, a kan babban birki.

Baffanmu manomi ne, yana kuma sayen gyaɗa a ƙauyuka yana kaiwa Dawanau. Bai taɓa shan taba ba, balle abin da ya fi ta. Bai cika shekara 40 ba lokacin da idanunsa suka yi rawaya, aka ce shawara ce, aka shiga jiƙa masa saiwoyi. Sai rama ta biyo baya, sai ciki ya fara tashi kamar tulu. A daidai lokacin kuwa sun sami saɓani da abokin cinikinsa kan kuɗin wasu buhuna, don haka ba a sha wahalar neman wanda za a zarga ba. Da aka kai shi birni, likita ya duba hoton, ya ja yayansa gefe ya ce, "Alhaji, wannan abu ya daɗe, ba na bana ba ne, ba na bara ba." Gwajin jini ya nuna yana ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B, mai yiwuwa tun yana goye. Bai yi wata uku ba bayan nan. Likitan ya roƙa a kawo 'yan uwansa da matansa da 'ya'yansa a gwada su, aka samu biyu daga cikin ƙannensa suna ɗauke da ita, garau da su, ba ciwon kai ko ɗaya. Yanzu duk wata shida suna zuwa a duba hantarsu. Abokin cinikin nan kuwa ya zo gaisuwa ranar uku, babu wanda ya matsa masa a tabarma, kuma har yau bai sake taka ƙofar gidanmu ba.

Abin da ƙwayar cutar hanta ke yi yana da ban mamaki, don ita kanta ba ta cika kashe ƙwayoyin hanta ba. Shiga take yi ta zauna. In babba ta kama, fiye da kashi 90 cikin ɗari garkuwarsu na korar ta cikin 'yan watanni. In jariri ta kama kuwa, lissafin juyawa yake yi: kusan tara cikin goma za su zauna da ita har abada, domin garkuwarsu ba ta gama rarrabe ɗan gida da baƙo ba. Daga baya 'yan sintiri su farga, su fara kai hari kan ƙwayoyin hantar da ke ɗauke da ita, amma ba sa iya gamawa. Su kashe, hanta ta sake tsiro, su kashe, ta sake tsiro, shekara 20, shekara 30. Kowane tsiro sabon kwafi ne, kowane kwafi sabuwar damar kuskure ce, ga tabo yana taruwa har hanta ta ƙanƙance ta taurare. Su kansu masu gadin sai su gaji, birkin nan na PD-1 ya yawaita a jikinsu, su zama ga su nan dai. To a cikin irin wannan hanta ka zuba gubar da ke lalata p53. Wani bincike da aka yi a kan maza sama da dubu 18 a birnin Shanghai, aka wallafa a farkon shekarun 1990, ya nuna wanda ya haɗa biyun haɗarinsa ya ninka na wanda ba shi da ko ɗaya kusan sau 60. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 kuma ya samu kimanin kashi 8 cikin ɗari na manya suna ɗauke da wannan ƙwayar cuta, mafi yawansu ba su sani ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa bangon ta fuska biyu yake tsagewa.

Ilimin birkin masu gadi ya haifar da magani. Tasuku Honjo na Japan, wanda ya gano PD-1 a 1992, da James Allison na Amurka, wanda ya yi aiki a kan wani birkin dabam, sun raba kyautar Nobel a 2018 saboda tunani guda: maimakon a yi ta harbin kansar, a cire ƙafarta daga kan birkin mai gadi, shi ya yi aikinsa. Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka wanda cibiyarsa ta taimaka aka kawar da kurkunu a Najeriya, ya sanar a 2015 cewa kansar fata ta bazu zuwa hantarsa da ƙwaƙwalwarsa, yana da shekara 90. Aka yi masa aiki, aka gasa wurin, aka sa shi a kan irin wannan allura. Ya rayu har Disambar 2024, ya cika shekara 100. Labari ne mai daɗi, amma kada ya ruɗe mu. Allurar ba kowa take yi wa aiki ba, wani lokaci masu gadin da aka sake sukan juya kan hanji ko huhu, kuma farashin guda ɗaya a Amurka ya haura dala dubu 10, ana maimaitawa duk mako uku. Mai sayar da akuya ya biya kuɗin mota zuwa Asibitin Malam Aminu Kano, ko ya wuce Shika neman gashi, ba da shi ake wannan magana ba tukuna.

Rabonmu yana cikin shekarun nan 20 ko 30 da cutar ke yi tana haɗa kayanta, kuma ba hanta kaɗai ba. Madatsun ruwa irin su Guzu-Guzu a Kabo da Challawa a Ƙaraye sun ba mu noman rani da kifi, amma ruwan kwance, ko na dam ko na kududdufi, shi ne gidan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya. Mun taso muna jin ana cewa fitsarin jini alamar balagar yaro ce. Ƙwan tsutsa ne ke maƙale a bangon mafitsara, garkuwa na yaƙarsa shekara da shekaru, irin dai yaƙin nan da ba ya ƙarewa, kuma tun 1994 hukumar binciken kansa ta duniya ta sa tsargiya cikin tabbatattun masu jawo kansar mafitsara. Maganinta 'yan ƙwayoyi ne da ake rabawa kyauta a makarantu. Haka kansar bakin mahaifa, wadda ta kashe mata kimanin dubu 8 a Najeriya a 2020. Ƙwayar cutar HPV ce ke kawo ta, kuma dabararta ita ce ta ƙera furotin da ke kama p53 ya jefa shi kwandon shara. A Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta, Kano na cikin jihohin farko. Mun ji abin da aka riƙa faɗa a zaure da gidajen biki, cewa allurar hana haihuwa ce. Abin da ke cikinta ɓawon ƙwayar cutar ne wanda babu komai a ciki, ana nuna wa masu gadi fuskar ɓarawo kafin ya zo.

Ta ɓangaren rumbu, an gwada abu mai sauƙi a ƙauyuka 20 na ƙasar Gini, aka wallafa sakamakon a 2005. Rabin ƙauyukan aka koya musu su tsince gyaɗa da hannu, su shanya ta a kan tabarma maimakon ƙasa, su tabbatar ta bushe, su zuba a buhun algarara, su ɗora a kan katako. Bayan watanni gubar da ke jininsu ba ta kai rabin ta sauran ƙauyukan ba. Cibiyar IITA ta Ibadan kuma ta fito da Aflasafe, dawa ce da aka shafe da irin fumfunar da ba ta da guba, a watsa a gona kafin shuka ta yi fure, ta riga mai gubar kama wuri. Inda gizo ke saƙa shi ne abin da ake yi da tsintuwar. Mai kyau ita ke tafiya kasuwa. Ƙanƙararriya da mai baƙi-baƙi ita ake bari a gida, ko a sayar da araha ga masu ƙuli, ko a miƙa wa yara su ɓare, ko a watsa wa kaji. Wato gubar da aka tsince daga buhu goma sai ta taru a kwano guda, kuma a gidan manomin kwanon yake zama.

Rigakafin cutar hanta kuwa ya riga ya nuna abin da zai iya. Taiwan ta fara yi wa jarirai a 1984, kansar hanta a tsakanin yaranta ta ragu ƙwarai. Gambiya ta fara a 1986. Najeriya ta sa shi cikin alluran yara na kyauta a 2004, wato da yawa daga cikinmu 'yan shekara ashirin da wani abu mun faɗo a bakin iyaka, wasu sun samu wasu ba su samu ba, kuma gwajin jini na 'yan mintuna ne ke bambancewa. Allurar farko an fi so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, domin a lokacin haihuwa ne uwa mai ɗauke da cutar ke ba jaririnta. A ƙauyukanmu kuwa mafi yawan haihuwa a ɗaki ake yi, jariri ba ya leƙa waje sai an yi suna, kuma kafin ya ga ma'aikaciyar asibiti ya riga ya ga wanzami, an yi aski, wani wurin an cire beli. Wanzamai da yawa yanzu suna sa sabuwar reza ga kowane kai, amma ƙarfen beli da ƙaho ba a sayen sabo kullum.

A gidanmu, tun bayan rasuwar Baffa, in mace ta sauka ba a jiran mai jego ta tashi. Gwaggo ce ke naɗe jaririn a zani, ɗaya daga cikinmu ya tayar da babur, a je a yi allurar a dawo kafin ruwan wanka ya tafasa.